Shekarar da Na Riga Zakara Shiga Rijiya

Tun da talabijin ta shigo gidan nan ban ƙara cin tuwo cikin natsuwa ba. Kowane mako ku zauna ku kalli wasan aljanun nan naku, a gama ku kama gardama: wane ya yi imani, wane ya yi shirka, wance ta ba da ranta, a'a wauta ta yi. Ba na sa muku baki. Amma ran nan na ji ɗayanku, ba zan faɗi suna ba, ya san kansa, yana cewa ai ko kakanmu an ce yana ba aljanu zakara. Wannan magana ita ta sa na nemi takarda. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, rani biyu kacal, in kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri. Gardamar da kuke yi na yi ta tun ba a haife ku ba, da zafi fiye da naku, kuma ba ni na ji a jikina ba, wani ne ya ji.

Kakanku, wato ubana, sunansa Gado, amma daga Tambuwal har Jabo, har Sanyinna, har cikin ƙasar Kebbe, Gado Mai Rijiya ake ce masa. Gajere ne, damatsansa kamar turmi, maganarsa ba ta cika cokali ba. Yana gina sabuwar rijiya, yana yashe tsohuwa, ni kuma tun ina ɗan saurayi nake bin sa, har na kai ga shiga da kaina. Yana da ƙa'ida guda wadda ko hakimi bai isa ya sa shi ya tsallake ba. In tsohuwar rijiya ce da ta daɗe a rufe, ba ya sa ƙafa sai an kawo zakara. Ya sa shi a kwando, ya duƙa a bakin rijiya ya yi wata magana ƙasa-ƙasa wadda ba mai ji, ya zura kwandon har ƙasa, ya zauna ya ci goro. In ya jawo ya ga zakara na raye, sai ya ce masu gida sun yarda, mu shiga. In an gama aiki ya fuskanci alƙibla ya yanka shi da sunan Allah, mu ci. In kuwa zakara ya fito a mace, ba mai shiga. Sai ya sa a saro ganyen sabara dami guda, a ɗaure da igiya, a yi ta zurawa ana jawowa, kwana biyu ko uku, wai ana share wa masu gida ɗaki. Sannan a sake aika wani zakaran. Haka ya gani wurin ubansa. Ban taɓa ganin laifin abin ba sai da rediyo ya zo unguwarmu.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, lokacin Jihar Arewa. Malam Hassan difensa, wanda ke ba da magani a ɗan asibitin garinmu, ya sayo akwatin rediyo mai batir kamar tubali. Ran Lahadi bayan la'asar sai ya fito da shi gindin durumin ƙofar gidansa, don a lokacin ake wani wasan kwaikwayo da ya hana mu sukuni wata da watanni. Labarin wani gari ne mai tsohuwar kuka, a cikin kogonta akwai aljani, kowace shekara sai an yanka masa baƙin bijimi. Sai ladanin garin, Isiyaku, ya tashi ya ce an daina. Aljani ya juyo kansa. Wannan mako ya kashe masa awaki, wancan mako ya ƙone masa rumbu, daga baya ya ɗauke masa murya. Ku duba fa, ladan, a rediyo, babu murya. Mako uku tari kawai muke ji, amma ba wanda ya tashi. Maza na gindin durumi, mata na bayan zana wurin matar Malam Hassan, in abin ya yi tsanani sai ka ji salati ya ɓarke daga can.

Wasan rabin sa'a ne, gardamarsa kuwa sai an kira magariba. Mai jan gaba shi ne Malam Bello, malamin firamare, mutum mai tsabta, Hausarsa irin ta rediyon ce sak. Ni a wurina duk abin da ya faɗa ya zauna, don shi ya koya mini baƙi, kuma ya yi mini alkawarin zai nema mini aikin masinja in huta da laka. Sai Labbo mahauci, wanda ba ya yarda da kowa.

“Wannan shi ne imani,” in ji Malam Bello. “An ɗauke masa dukiya bai yanka ba. An ɗauke masa murya bai yanka ba. Wanda ya ba aljani ko gashin kaza ne, to ya sake lissafi da Ubangijinsa.”

“Bijimi guda fa!” in ji Labbo. “A yanka, gari shi ci nama, aljani shi lashi jini, kowa shi kwana lafiya. Don mi za a wahal da bawan Allah?”

“Kai Labbo ko aljanin ne ya zo sayen nama, gyara za ka ƙara masa.”

“In ya yi sallama, mi za shi hana?”

Malam Hassan ya ce, “Ni dai a kawo mani ladanin ga asibiti. Wanga tari nai ba na aljani ba na, sanyi na. Kwana ukku in gyara mai maƙogwaro.”

Kakanku kuwa, wai shi ba ya sauraro. Can gefe yake zama, ya juya mana baya yana tufkar igiya. In an ce, Gado, kai mi ka gani, sai ya ce, “Ni igiya nika tufka.” Amma da batir ya fara sanyi, shi ne farkon mai cewa, “Malam, murɗa abin ga, ba a ji.” Ran da tafiya ta kama mu munka rasa wasan, sai da ya sa Inna, kakarku, ta maimaita masa tun daga farko, yana yi mata gyara a wuraren da bai ma ji ba.

Sai ranar da wasan ya kai inda ya kai. Aljani ya fara taɓa yaran gari, ciwo ya kama su. Ladan Isiyaku ya rubuta wa sarkin garin a allo cewa shi zai shiga kogon kukar da kansa, ba bijimi, ba wuƙa, in za a ci mutum a ci shi, a bar yara. Aka yanke wasan a nan. Malam Bello har da share ido. Ba wanda ya tambayi Baba, sai ga muryarsa daga gefe.

“Wawa na.”

Kowa ya juya.

“Shina da mata, shina da ɗiya. Wa za shi riƙa mai su? Kuma mutum mai hankali ba shi shiga ramin da bai aika kowa ba.”

Malam Bello ya yi murmushi ya ce, “Ai shi ya sa kai kake aika zakara, Gado.”

Anka bushe da dariya, har bayan zana. Na san Malam Bello bai yi da mugunta ba, raha ce ta gindin durumi. Baba ma bai ɗago ba, ya ci gaba da igiyarsa. Ni ne na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Ina da shekara ashirin da ɗoriya, na fara karanta baƙi, na haddace kalaman ladan Isiyaku kamar karatun allo, ga shi an nuna ubana a gaban jama'a an ce yana ɓangaren masu bijimi.

Na shiga gida na sami Inna tana tankaɗe, idonta jawur don kukan matar ladan. Na ce mata abin da Baba ke yi da zakara shirka ne, ni na daina sa hannu.

Ta ce, “Wane zakara? Wanda kaka cin cinyatai tun kana da haƙori biyu?”

“Inna, ba wasa nika yi ba.”

“Ni ma ba wasa nika yi ba, Sanda. Ubanka ya shiga rijiya ta fi gashin kanka, kullum shina dawo mani da ƙafafunai. Ladanin ga naka cikin akwati shike, ko ya mutu Lahadi mai zuwa ana iya tashe shi. Miƙo mani faifai.”

A cikin makon nan manzo ya zo daga Fakku, can ƙasar Kebbe. Bazara ta yi tsanani, rijiyoyinsu sun ja baya, mata na tafiya mai nisa neman ruwa. Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan gari da anka rufe da itace da ƙaya shekaru da yawa, mai gari yana so a yashe ta. Munka ɗora dagi da kwanduna da igiya bisa jaki munka kama hanya. Tsakanin Kebbe da Fakku na tara ƙarfin hali na tambaye shi.

“Baba, in ka duƙa bakin rijiya, mi kaka cewa?”

Ya ce, “Ja jakinka.”

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a hanya.

Da hantsi anka ɗebe ƙayar anka ɗaga itatuwan. Baba ya leƙa, ya ja baya, ya gitta gungume a bakin rijiyar ya ɗaura igiya, sannan ya ce a kawo zakara. Aka yi ta kallon juna, don ba wanda ya tanada. Shi da wani dattijo sunka shiga gari nema, ya bar ni da maza kamar goma a tsaye. Wani saurayi tsarana ya matso ya ce mini, ba da raini ba, tambaya ce kawai, “Shin gaskiya na tsohonka sai ya ba mutanen ciki jini?” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tuɓe riga. Wani tsoho ya ce, yaro dakata ubanka shi dawo. Na ɗaga murya na yi bisimilla yadda har na baya zai ji, na ƙara da maganar da ladan Isiyaku ya yi wa aljani tun yana da murya, na ce ni ba ni da iyayengiji biyu. Na kama igiya na sauka. Ko ɗaura ta a jikina ban yi ba.

Ku da ba ku taɓa shiga ba, bari in gaya muku. Da farko sanyi za ka ji mai daɗi, musamman da bazara. Ina taka ramukan da magina na dauri sunka sassaƙa a jikin bango, ina jin kaina kamar a cikin akwatin Malam Hassan nake, ana saurarona daga Tambuwal har Kaduna. Da na wuce rabi sai na ji ina jan numfashi amma ba ya isa, kamar mai shan fura da ludayi mai huda. Kunnena ya ɗau ƙara. Kaina ya yi nauyi. Na ɗaga ido na ga sama ta koma kamar faifai, da kawunan mutane kewaye. Na buɗe baki in ce a jawo ni, murya ta ƙi fita. Don ku san iyakar wautata, abin da ya zo mini a rai shi ne, ga shi ni ma an ɗauke mini murya kamar ladan, har wani daɗi na ji. Ƙafata ta taɓa laka. Ban san sauran ba.

Sauran mutanen Fakku ne sunka faɗa mini, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Baba ya dawo da zakara a hammata, ya ga rigata a ƙasa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya saki zakaran, ya jawo igiyar, ya ɗaura a ƙirjinsa, ya jiƙa rawaninsa da ruwan gora ya naɗe hanci da baki, ya ce su zura shi da sauri, kada su ji tausayinsa. Igiyar da ta kai ƙasan rijiyar nan guda ɗaya ce tak. Da sunka ji an girgiza ta sunka ja, suna cewa yau ga abin mamaki, mutum biyu amma ba nauyi. Ni kaɗai na fito. Ashe Baba ya kwance ta daga jikinsa ya ɗaura mini.

Sunka sake jefa igiyar. Ba motsi. Sunka yi ta kira, Gado, Gado, shiru. Har wani ya fara salati, sai sunka ji nauyi kaɗan. Ashe ƙarfin ɗaurawa ya ƙare masa, sai ya nannaɗe ta a wuyan hannunsa na hagu kawai. Da hannu guda anka jawo shi tun daga ƙasa, yana bugun bango. Kafaɗar ta goce, fatar hannun ta saɓule, fuskarsa ta yi toka. Ni na farfaɗo kafin azahar da amai da ciwon kai. Shi sai bayan la'asar ya buɗe ido. Ina durƙushe a kansa, na shirya jin duk abin da zai faɗa, ko tsinuwa ce. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce:

“Ina dagi? Ba ka dai baro shi ciki ba?”

Na ce ban ma sauka da shi ba.

“To mi kat tafi yi?”

Har ya koma ga Allah bai ƙara ce mini komai a kan ranar nan ba. Mutanen Fakku kuwa sun kamo zakaran nan sun zura shi a kwando don su gani da idonsu. A mace ya fito.

Sai da munka yi kwana ashirin a gidan mai garin Fakku kafin ya iya zama bisa jaki. Mai ɗori ya mayar da kafaɗar, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba, kuma numfashinsa ya koma da ƙara kamar zuga-zugin maƙeri. Mutumin da ya ba garuruwa ruwa, alwala ma sai an zuba masa. Da munka iso gida Inna ta dube shi, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Kwana fuɗu tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka ba. A na biyar ta ce in je in ɗebo mata itace, na san an yafe mini rabi.

Malam Hassan ne ya riƙa zuwa yana wanke hannun. Shi ya gaya mini cewa tsohuwar rijiya in ta daɗe a rufe, ganye da ƙwari da duk abin da ya faɗa ciki suna ruɓewa, wani mugun tururi ya kwanta a ƙasa, ba a ganinsa, ya shaƙe duk mai rai. Zakara na jin sa kafin mutum. Damin ganyen da ake zurawa ana jawowa shi ke kore shi. Na ce, to ke nan babu wani aljani?

Ya ce, “Ni difensa na, Sanda, ban san wa ad da gida cikin rami ba. Abin da nis sani, zakaran ubanka ya fi ka karatu.”

Wasan ya ƙare muna Fakku. Malam Bello ya zo gaisuwa da goro, ya zauna a zaure yana ta murza hula, ya rasa ta inda zai fara. Baba ne ya cece shi.

“Malam, ladanin ga fa? Ya shiga?”

“Ya shiga, Gado.”

“Sai mi?”

“Ya kwana uku a ciki yana addu'a a zuci. A rana ta huɗu kukar ta tsage, aljani ya gudu, yara suka warke. Ya fito da muryarsa garau, ya kira sallar asuba, gari duka ya ji.”

Labbo, da ya biyo shi, ya ce, “Ka ji fa. Bijimi ya tsira, mahauta sun yi asara.”

Baba ya dubi hannunsa da ke naɗe da tsumma, ya ce, “Shigat tai na yarda da ita. In ɗiya na ciki, ba a tsayawa aike. Amma fitowag ga ƙarya ta. Wanda duk yash shiga ba shi fitowa awa yadda yash shiga. Wanda yat tsara wasan ga bai taɓa shiga rami ba.”

Malam Bello bai yi gardama ba, kuma ban taɓa ganin hakan ba sai ran nan. Daga wannan Lahadin Malam Hassan ya daina kai rediyo gindin durumi, zaurenmu yake kawo shi, jama'a su cika har waje. Baba ya daina cewa ba ya sauraro. Shi ya zama alƙalin kowane wasa, kuma bai taɓa sakin marubutan da sauƙi ba.

Aikin masinja ya samu bayan damina. Malam Bello ya zo da kansa ya gaya mini. Na ce masa na gode, a ba wani. Gida na da baki takwas, hannun da ke ciyar da su ni na lalata shi. Kada ku ɗauka wani abin yabo na yi. Ban so aikin rijiya ba a lokacin, ban so shi ba daga baya, gwiwoyin nan da kuke ji suna ƙara in na tashi daga sallah shi ya ba ni su. Na dai yi shi shekara talatin don ba ni da bakin cewa a'a.

Aikin farko da na karɓa ni kaɗai a Sanyinna ne, tsohuwar rijiya a bayan kasuwa. Baba ya ce sai ya bi ni. Na ɗora shi bisa jaki munka tafi, anka shimfiɗa masa tabarma a inuwa kusa da bakin rijiyar. Ban jira an ce mini ba, na sa anka kawo zakara, na sa shi a kwando da hannuna, na ɗaura igiya. Na duƙa a bakin rijiyar, sai na tsaya, don ban san abin da ake cewa ba. Mutane na kallo. Na koma wurinsa na durƙusa, na yi ƙasa da murya.

“Baba, don Allah, mi aka cewa?”

Ya gutsiri goro ya tauna.

“Bisimilla nika yi. Sannan in ce salamu alaikum.”

“Shi ke nan?”

“Mi kaka so in ƙara?”

“Sallamar ga wa?”

“Ga wanda duk ac ciki. In da kowa, na yi ladabi. In babu kowa, mi nir rasa?” Ya nuna rijiyar da haɓa. “Tashi ka aika, rana na yi.”

Na koma na duƙa, na yi bisimilla, na yi sallama, na zura kwandon. Sannan na dawo na zauna a gefen tabarmarsa, ya ɓara goron ya miƙo mini rabi da hannunsa mai lafiya, munka jira tare.